Ƙwan da Doña Tomasa Ba Ta Gyara Ba

Surukata Doña Tomasa ba ta taɓa fasa ƙwai gida biyu ba, ko in ce ni dai ban taɓa gani ba, kuma shekara goma sha tara muka yi muna girki a murhu ɗaya. Da gindin cokali take ƙwanƙwasa tsinin, ta ɓalle 'yar ƙofa daidai farcen babban yatsa, ta girgiza abin ciki ya sulalo cikin kasko. Ɓawon kuma ta ɗauraye, ta kife shi a bakin taga ya sha iska. Daga an shiga sabuwar shekara har Ista, duk wanda ya ci ƙwai a gidanmu, ta wannan 'yar ƙofar ya ci shi.

Mu a gidan iyayena sai Ista ta rage mako biyu muke fara tara ɓawo. To, safiyata ta uku a gidan miji, cikin Janairu, na tashi da rawar jiki zan burge mutane, na rafke ƙwai shida a bakin kasko, na watsa ɓawon a shara. Ta shigo, ta dubi kwandon shara, ta dube ni. Maimakon ta yi mini magana, sai ta ɗaga murya ta kira ɗanta.

"Nabor! A gidan su matarka kaji ba sa shan wahala kafin su yi ƙwai, ko?"

Na shiga ɗaki na sha kuka, na rantse ba zan shekara a gidan ba. Ga shi kuwa ni na rufe mata ido ranar da ta cika, Allah ya ji ƙanta.

Ba muguwa ba ce, kada a fahimce ni a karkace. Abincin da ta ciyar da 'ya'yan wasu a unguwarmu, a nan garin Piedras Negras, Allah kaɗai ya san yawansa. Cutarta ɗaya ce, ba ta iya ganin abu a karkace ta bar shi. Ki shimfiɗa gado, sai ta bi ta ja gefen zanin. Ki yi shanya, sai ta sauke ta sake jerawa, riguna gefe, wanduna gefe. Ba za ta zage ki ba, ba za ta ce kin yi ba daidai ba. Ki juya baya kawai, ki dawo ki tarar aikinki ya zama nata. Na rantse da a ce zagi take yi da ya fi sauƙi, don mai zagi ana iya rama masa.

Sai da na daɗe kafin na ji inda abin ya samo asali. Tana 'yar shekara tara uwarta ta rasu a ƙauye, aka kai ta aikatau gidan wasu masu garken shanu. Matar gidan ba ta dukanta. In Tomasa ta goge tufafi aka ga layi ɗaya ya kauce, sai a tsoma su duka a ruwa a ce ta sake, ba ta cin abinci kuma sai ta gama. Shekara takwas ta yi a haka. Daga nan ta auri Anastasio magini, ta kafa tebur a ƙofar wata masana'anta tana sayar da tortiya, wato gurasar masara, da wake da soyayyen ƙwai ga masu shiga aikin safe, shekara talatin da wani abu. Ɓawon da take samu a can buhu-buhu ne. Shi ya sa tun kafin in zo, gidanta ne wurin da yaran layinmu ke haɗuwa yin ƙwan Ista, wanda muke cewa kaskaron.

Ranar Juma'ar Ista ba a taɓa almakashi a gidanta, haka ta taso. Ranar Asabar kuwa tun da hantsi tsakar gida ke cika. Ta riga ta rina ɓawon, ja da rawaya da shuɗi da kore, sun bushe a kiret. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa. Manyan yara su yi ta yanka takardu masu launi ƙanana-ƙanana kamar tsaba, ƙananan su cika ɓawon da su, a shafa kunun fulawa a bakin ƙofar, a liƙa 'yar takarda shara-shara a rufe. Shi ke nan aikin, ɗan shekara uku ma yana yi. Washegari Lahadi a ɗauka a tafi bakin kogi, a yi ta bin juna ana fasawa a ka, takardun su yi ta tashi a iska.

Da azahar in yaran sun watse cin abinci, sai Tomasa ta jawo kiret ɗin gabanta. Ta ɓare murfin kowanne, ta rage wanda aka cika da yawa, ta ƙara wa wanda aka yi wa rowa, ta yanka sabuwar takarda zagaye tsaf ta liƙa. Yawancin yara ba sa lura. 'Ya'yana maza biyu sun sani sarai, ko a jikinsu, su dai a ba su abin da za su rotsa wa wani a ka.

Amma Nereida ta lura. Ita ce autar Tomasa, ƙanwar mijina. Ita da bakinta ta ba ni labari, tana 'yar shekara shida ta rufe nata duka da takarda rawaya don ta gane su, ta dawo daga cin abinci ta tarar an rufe su da fara.

"Mama, waɗannan ba nawa ba ne."

"Naki ne mana, kyau suka ƙara."

Haka suka yi ta tafiya, kitso, aikin makaranta, miya, komai. Har aurenta ya zo, ta zauna wata biyu tana ɗinka rigar bikinta da hannunta. Ana jibi biki ta fita karɓo takalmi, ta dawo ta tarar uwar ta warware kalmasar ƙasan rigar gaba ɗaya ta sake. Gaskiya kalmasar ta fi kyau, ni na gani da idona. Nereida ta sa rigar, aka ɗaura aure, ta bi mijinta birnin Saltillo, ba ta ƙara taka ƙofar gidan nan ba shekara bakwai. Ta haifi 'ya, Dalia, sai a hoto Tomasa ta san ta. Ni take kira a waya ta tambayi lafiyar uwarta, uwar tana zaune kusa da ni tana tsince wake kamar ba ta ji.

A sanyin shekarar da nake ba ku labari Tomasa ta zame a banɗaki ta yi wata guda a kwance. Nabor ya tsorata, ya yi ta roƙon ƙanwarsa. Da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho, sai ga wayarta.

"Otilia, za mu zo Ista, ni da Dalia, kwana biyu. Amma ki gaya wa tsohuwar nan, in ta taɓa abin da yarinyar nan ta yi, ko da yatsa ɗaya ne, za mu hau mota a ranar. Kuma ba za ta ƙara ganinmu ba sai a hoto. Ba wasa nake ba."

"Haba Nereida, uwarki ce fa."

"Na san uwata ce, shi ya sa nake gaya miki."

Ni aka bari da isar da saƙo, kamar kullum. Na faɗa mata kalma da kalma, ban rage ba. Na zaci za ta yi tsaki. Sai ta dubi bakin taga ta ce, "Wane launi yarinyar take so?"

Sun iso Juma'a da yamma. Gaisuwar uwa da 'ya kamar ta mutanen da suka haɗu a layin asibiti. Dalia kuwa 'yar shekara biyar, baki kamar rediyo, ba ruwanta da abin da ke tsakanin manya. Kafin a ci abinci ta riga ta tambayi kakarta me ya sa haƙoranta biyu ba su nan, kuma ko za su sake fitowa.

Asabar yara suka cika gida. Tomasa ta ware wa Dalia ɓawo goma sha biyu, duka shuɗi. Nereida ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin ta harɗe hannu, idonta a kan uwar kamar 'yar sanda.

Yarinyar ta cika na farko, ta juya shi don ta duba, takardun suka zube a cinyarta. Ta ɓata fuska. Ta sake cikawa, sai ta ɗauki cokali ta ɗebo kunun fulawa ta ɗura a ciki, a kan takardun, ta sa yatsa ta danna.

"Me kike yi haka, 'yar nan?" na ce.

"Don kada su gudu, Anti."

Na dubi Tomasa. Duk wanda ya taɓa yin kaskaron ya san abin da zai faru. Takardun za su jiƙe su dunƙule, gobe in an fasa babu abin da zai tashi. Na ga bakinta ya buɗe, na ga hannunta ya taso daga cinya har ya kai rabin hanya. Sai ta mai da shi, ta sa ɗayan ta riƙe.

"To," ta ce. "Dabara ce."

Ni ma na ja bakina na tsuke. Da na ƙara kalma ɗaya, Nereida cewa za ta yi uwar ce ta sa ni. Kuma in faɗi gaskiya tsoro na ji, ba na so a ce ta bakina aka watse. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Nereida kanta. Tana kallo 'yarta na ɗura kunu cokali-cokali, tana murmushi, har da cewa "Yauwa 'yar Mama." Sai daga baya na gane ba ta san abin da zai biyo baya ba. Ina za ta sani? Ba a taɓa barin nata ya kwana yadda ta yi shi ba, balle ta ga abin da kuskure ke haifarwa.

Dalia ta gama sha biyunta. Murafen kamar an tauna an tofar, wani ninki uku, wani kunu na ɗiga ta gefe. Ta jera su a kiret da kanta, ta kai gaban kakarta.

"Kaka, sun fi na kowa kyau, ko?"

"Ban taɓa ganin irinsu ba," in ji Tomasa.

Ranar ba ta gyara na kowa ba. Da yara suka watse ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo.

Lahadi da safe, kafin a tafi coci, na fito ɗora ruwan kofi na same ta tsaye a gaban kiret ɗin Dalia. Ta mai da hannuwanta baya ta sarƙe yatsu, har jijiyoyin sun tashi. Ban san tun yaushe take tsaye a wurin ba. Tausayinta ya kama ni, abin da bai cika kama ni a kanta ba.

"Mama," na ce a hankali, "akwai sauran shuɗin ɓawo. Ni zan yi, ba ke ba. Ko guda huɗu in musanya, in yi musu murfi a hargitse irin nata. Wa zai sani?"

"Za ta gane."

"'Yar shekara biyar?"

"Uwarta shida gare ta da ta gane. Bar su, Otilia."

"To za ta sha kuka fa."

"Na sani. Je ki duba ruwanki."

Bayan coci muka ɗunguma bakin kogi a motar Nabor, da gawayi da nama da tabarmi. Wurin ya cika maƙil, kowane gindin itace da iyalinsa, hayaƙin gashi ko'ina. Dalia ta rungume kwandonta tun daga gida, ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba. Da aka ci aka ƙoshi sai wani yaro ya fara, nan da nan wuri ya kaure. Ihu, gudu, launi na tashi ta ko'ina. Kafin ka ce me, kan Dalia ya cika da ja da kore, tana dariya har tana tuntuɓe.

Ta zaɓi ɗana Ismael, ɗan shekara takwas. Ta lallaɓa ta bayansa yana tsugune, ta ɗaga ƙwan da hannu biyu ta sauke masa. Ƙwal! Babu abin da ya tashi. Wani jiƙaƙƙen dunƙule ya manne masa a gashi yana tsami.

"Wayyo kaina! Ke, dutse kika sa a ciki?"

Yara suka taru. Wani ya shinshina ya toshe hanci. "Ƙwan Dalia ruɓaɓɓe ne! Ku gudu, ga ta nan!"

Suka watse suna dariya. Ta bi wannan ya zille, ta bi waccan ta zille. Ta tsaya, ta ɗauki na biyu ta murƙushe a tafin hannunta don ta gani. Dunƙule. Ta fasa na uku a jikin itace. Dunƙule. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta fasa kuka, irin kukan da yaro ke yi har numfashinsa ya ɗauke. Na make Ismael a ƙeya, ko da yake yaron bai yi ƙarya ba.

Nereida ta ruga ta ɗauke ta. Ta tsinci ɓawon tana juyawa, ta ga abin da ke ciki. Na ga lokacin da ta gane. Ta miƙa mini yarinyar, ta nufi tabarmar da uwarta ke zaune, fuskarta kamar za ta kama da wuta. Na ce a raina shi ke nan, yau mota za a hau.

"Kin sani," ta ce. "Tun jiya kin san haka za su yi."

"Na sani."

"Kina kallo! Kina kallo tana zuba kunun nan, kika ce mata dabara ce! Kika bari aka zo aka yi mata dariya a gaban mutane? Wace irin kaka ce ke?"

Ran nan raina ya ɓaci ƙwarai, har na buɗe baki zan ce ba ke kika kafa doka ba? Tomasa ta riga ni, kuma ba abin da na zata ta faɗa ba.

"Yau da safe na tsaya a kansu," ta ce. "Minti goma ya ishe ni in gyara su duka. Na san za ta yi kuka. Sai na auna, na ga kukanta na yini ɗaya ne. Naki kuwa, da na yi ta gyara miki, har yau ba ki gama shi ba."

Nereida ta tsaya da ɓawon a hannu.

Tomasa ba ta jira ta ba. Ta kwance mayafin da ta je coci da shi ta ninke a cinya, ta yafito Dalia.

"Zo nan, 'yar gidan Kaka. Kawo kwandon. Saura nawa?"

"Tara," in ji yarinyar cikin shessheƙa. "Ba wanda yake so."

"Ni ina so. Rabu da Ismael, kansa kabewa ce, ba ta jure komai. Zo ki gwada wannan."

Ta sunkuyar da kai. Ni tun da nake ban taɓa ganin wanda ya fasa wa Doña Tomasa ƙwai a ka ba, Nabor ma ya ce ko mahaifinsu bai taɓa gigin yi ba. Furfurarta a taje take kullum, a ɗaure tam, gashi ɗaya ba ya kaucewa. Dalia ta dubi uwarta, ta dubi kan. Ta ɗora na farko a tsorace.

"Haba, wannan ai shafa ce. Ba ki ci nama ba ne? Da ƙarfi!"

Ƙwal! Tomasa ta ce "Wayyo Allah, ta kashe ni!" ta wuntsila gefe kamar gaske. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye da majina duk a fuska. Ta ɗauki na gaba. Yaran da suka gudu suka dawo da nasu ƙwan a hannu, kowa na so ya samu rabonsa a kan da ba a taɓa taɓawa ba.

"Kai, ku ja baya! Wannan kan na Dalia ne ita kaɗai," in ji Tomasa.

Tara cif ta sha. Da aka gama, kanta kamar an kifa mata tukunyar kunu, dunƙule shuɗi da ja na rataye har kunne. Dalia ta zauna a cinyarta tana haki.

"Kaka, me ya sa nawa ba sa tashi sama irin nasu?"

Tomasa ta ɗaga ido ta dubi Nereida. Tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu tana neman izinin 'yar da ta haifa kafin ta yi magana. Wannan kallon ne ya sa ni hawaye, na juya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido. Nereida ta gyaɗa kai.

"Kunun ne," in ji Tomasa. "A baki kawai ake shafa shi, kaɗan. In ya shiga ciki sai ya riƙe su. Su kuwa so suke su gudu, aikinsu ke nan."

"To badi ba zan zuba ba."

Ta zame ta ruga wurin yara, Ismael ya ba ta biyu daga nasa don ya wanke laifinsa.

Rana ta fara sanyi, kunun ya fara bushewa a gashin Tomasa yana ja mata fata. Ta kai hannu tana ɓamɓara, ba ta ganin abin da take yi. Nereida ta daɗe tsaye. Can ta ɗebo ruwa a kofi, ta zo ta durƙusa a bayan uwarta, ta ture mata hannu.

"Bari, za ki tsinke gashin."

Ta jiƙa yatsu ta fara cirewa, da farko da ɗan fizga, daga baya a hankali. Tomasa ta kai hannu za ta nuna mata wani wuri a bayan kunne.

"Mama, don Allah ki tsaya wuri ɗaya. Na iya."

Hannun ya koma cinya. Ihun yara na tasowa daga bakin ruwa. Nereida ta ciro wani babban dunƙule ta yar a ciyawa, ta sake jiƙa yatsu.

"Badi sha biyu ba za su ishe ta ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ki ajiye mata kiret guda."